A Gyara Salansa, Kada A Fafe Ta

Duk wanda ke bin hanyar Katsina ko ya ratsa Ƙofar Ruwa ya san ƙarar da wasu manyan motoci ke yi a yanzu, tifa ko gingimari ta taka giya sai tagogi su amsa, baƙin hayaƙi ya biyo baya. Yawancinsu ba lalacewa suka yi ba, da gangan aka yi musu haka. An kai wa mai walda ya yanke tukunyar salansa, ya fafe cikinta, ko ya maye gurbinta da miƙaƙƙen bututu, wani ma har da na ado mai walƙiya a gefen kan mota. Ra'ayina shi ne sauya salansa da wadda ba ta kamfani ba sana'a ce halastacciya, kuma masu waldar Ƙofar Ruwa sun iya ta, amma cire abin da ke rage ƙara da tace hayaƙi cutarwa ce da maƙwabta ke biyan kuɗinta da lafiyarsu.

Salansa aiki uku take yi. Tana ɗauke hayaƙi nesa da direba da yaron mota, tana karya ƙarar inji a cikin tukunya, sannan a wasu motocin DAF da MAN na gwanjo da ake shigo da su daga Turai akwai matacin da ke kama ƙurar hayaƙin gas kafin ta fita. Wannan ƙura ba abin wasa ba ce. A 2012 cibiyar binciken cutar daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna jawo sankarar huhu. Ƙarar da ta haura desibel 85 kuwa, idan mutum ya wuni cikinta kullum, tana cin ji a hankali, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa. A cikin birni, inda gidaje ke manne da juna kuma makarantun allo da masu tuya ke bakin titi, hayaƙin kan samu inda zai maƙale, balle lokacin hunturu da hazo ke danne shi ƙasa.

Direbobi kan ce buɗe salansa na sa mota ta yi numfashi, ta ƙara ja, ta rage shan mai. Akwai gaskiya a ciki: salansar da ta toshe tana shaƙe inji, kuma da zarar an buɗe ta direba zai ji bambanci. Sai dai abin da ya ji shi ne dawowar ƙarfin da toshewa ta tauye, wanda wanke mataci ko sanya tukunya mai kyau zai dawo da shi. Lafiyayyar salansa kaɗan take rage wa inji. Motocin zamani kuma suna da kwamfuta da ke karanta hayaƙi, idan aka cire mataci ba tare da an daidaita ta ba, sai ta rage wa motar ƙarfi da kanta.

Hujjar da ta fi nauyi ita ce ta mai. An ƙera waɗannan matatai ne don gas ɗin Turai mai sinadarin salfa kashi 10 cikin miliyan, alhali an daɗe ana sayar da mai ɗauke da har kashi 3,000 a Najeriya, abin da ke saurin kashe su. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince da ƙayyade salfar a kashi 50 cikin miliyan. Tabbatar da hakan nauyi ne a wuyan hukuma, kuma mai mota yana da haƙƙin ya yi kuka a kansa. Amma ƙazamin mai bai taɓa tukunyar rage ƙara ba, don haka ba ya zama uzurin yanke ta. Batun tsadar kayan kamfani ma yana da amsa a gida, domin mai waldar da ya iya fafe tukunya ya iya haɗa sabuwa da farantan ciki yadda ya kamata, a kan kuɗin da bai kai na shigo da ita ba.

Doka tana nan, hukumar NESREA ta fitar da ƙa'idar ƙara a 2009 da ta hayaƙin motoci a 2011, kuma KAROTA da jami'an VIO suna kan titi. Amma gyara na gaskiya daga gareji zai fara. Ina kira ga shugabannin makanikai da masu walda na Ƙofar Ruwa su sanya wa kansu sharaɗi: a ɗinke salansa, a sauya ta, a ƙawata ta in mai mota na so, amma kada mota ta bar hannunsu babu tukunya. Oga ya koya wa yaransa haka tun ranar da suka fara riƙe abin walda.