Shaihu Umar a Bukan Sidi: Wane Littafi Za Mu Ba Yara a Dogon Hutu?

Da makarantu suka tashi dogon hutu, wasu daga cikinmu mazauna Bukan Sidi, a cikin garin Lafiya, muka yi shawarar tara yaran unguwa 'yan shekara 12 zuwa 15 domin mu riƙa karanta ƙagaggen labari guda tare da su kowace Asabar, har damina ta ja baya. Samun rumfar zama bai ba mu wahala ba. Zaɓen littafin ne ya raba kawunanmu.

Wajibi ne a fara da sanin masu karatun. Lafiya ba Kano ba ce. A tabarma ɗaya za a tarar da ɗan Barebari da ɗan Eggon da Alago da Gwandara da Bahaushe, Hausa ce ta haɗa su a kasuwa da filin ƙwallo, amma da yawansu ba su taɓa karanta shafi guda na Hausar boko ba. Saboda haka littafin da ya dace da su sai ya kasance gajere, mai sassauƙan salo, kuma mai abin tattaunawa bayan an rufe shi.

Mafi yawanmu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam suka kawo, kuma suna da hujja. Zubinsa kashi-kashi ne, kowace karawa tsakanin Alhaji Imam da Malam Zurƙe ta isa zama guda, ga raha. Sai dai idan dariyar ta lafa, me za mu tambayi yaro? Wa ya fi wani wayo, shi ke nan. Ganɗoki na Bello Kagara kuwa kirarin yaƙi ya yi masa yawa. Littattafan soyayya irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ba mu raina su ba, domin sun koya wa dubban matasa karatun Hausa, amma mun san iyaye ba za su sake mana 'ya'yansu a kansu ba.

Mu dai mun tsaya a kan Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda ya fito daga gasar 1933 da Rupert East ya shirya a Zariya, tun marubucin yana malamin makaranta a Bauchi. Tauraronsa yaro ne. An sace shi, ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim a Kano, aka ƙetara Hamada da shi, ya yi karatu har ya zama malami. Jumlolin gajeru ne, ba a cusa musu karin magana don burgewa ba.

Wata 'yar'uwarmu ta yi suka mai nauyi, kuma a nan ne muhawarar take. Ta ce labarin ya tashi ne daga harin kamun bayi a ƙasar Gwari, kuma mai ba da labarin ya kawo harin tamkar wata sana'a ta fada. Abin da ya jawo wa Makau, mijin uwar Umar, kora daga gari shi ne zargin ɓoye wa sarki bayi, ba kamun bayin ba. To, ga mu a Jihar Nasarawa, inda Gbagyi ke zaune, inda kuma kakannin wasu yaran namu suna cikin waɗanda aka riƙa kai wa irin wannan hari a ƙarni na 19. Da wane ido za su karanta?

Ba mu musa mata ba. Hasali ma muna ganin raunin littafin ke nan: Umar ya karɓi duk abin da ya same shi da haƙurin da ya wuce na yaro, ubangidansa kuma mutumin kirki ne ƙwarai, har mai karatu ya kusa manta cewa bauta ce. Amma Tafawa Ɓalewa ya ajiye wata tauraruwa da ta rushe wannan kwanciyar hankali, wato uwar Umar. 'Yantacciya ce ta fita neman ɗanta, aka yaudare ta, aka mayar da ita baiwa, ta sha azaba har Tarabulus, inda ta gan shi tana gab da rasuwa. Marubucin bai yi wa'azi a kan bauta ba ko sau ɗaya, sai ya bar wahalar matar nan ta yi magana. A ganinmu nan ne ƙarfin jigon yake, ko da yake nazarce-nazarce sun fi karkata ga tafiyar ɗan.

Yaron da ya lura da wannan saɓani tsakanin muryar Umar da halin da uwarsa ta shiga ya fara nazarin adabi ke nan, ko bai san sunan abin ba. Wanda kuma ya tambaya me ya sa ba a ji ta bakin Gwarawan da aka kama ba, ya yi tambayar da littafin bai amsa ba, kuma gara ya yi ta a gabanmu.

Mun yarda da sharaɗin da 'yar'uwar tamu ta gindaya: kafin a buɗe babin harin, kowane yaro zai je gida ya tambayi wani dattijo abin da ya ji game da zamanin, ya dawo mana da shi ranar Asabar.