Jarabar Saye: Wa Munka Laƙaba wa Ciwon?

A fada, a rediyo, har a wasan kwaikwayon da ƙannenmu ke yi ƙarshen shekarar karatu, labarin ɗaya ne: miji ya sha rana ya nemo, matarsa ta kwashe ta kai kasuwa. Daga Madawa zuwa Buza da Keita, da an ce ɓarnar kuɗi, mace ce ke faɗo wa mutane a rai. Ni ilimin harshe nike karantawa, don haka ta bakin kalmomi zan kama zancen, domin a ganina daga nan rashin adalcin ya faro.

Ku saurari aikatau ɗin da muke zaɓe. Namiji in ya sai da albasa ya sake moto, cewa muke "ya yi moto", mu bi shi da Allah sanya alheri. In ya canza waya sau uku a shekara, ai mutum ne mai son abu mai kyau. Mace kuwa ba ta "yin" atamfa. "Kwasowa" take, ko "jidowa". Shi mun ba shi kalmar mallaka da cin nasara, ita mun ba ta ta haɗama. Alhali nahawun Hausa bai yi wannan son kai ba: akwai almubazzari akwai almubazzara, akwai jarababbe akwai jarababbiya. Mu ne ke ɗaukar ɗaya mu bar ɗaya.

To shi ciwon, akwai shi kuwa? Akwai. Likitan ƙwaƙwalwa ɗan Jamus, Emil Kraepelin, ya yi bayaninsa tun 1915 da sunan oniomaniya, daga kalmar Girkanci mai nufin abin sayarwa. Alamominsa sanannu ne: zuciya ta ɗaga, mutum ya kasa sukuni sai ya saya, in ya saya ya ji sanyi na ɗan lokaci, sannan nadama ta biyo baya, ya ɓoye kayan, ya ɓoye farashin, bashi ya taru, gobe kuma ya koma. Sau da yawa kayan ko amfani ba a yi da su. Shekaru da dama an ɗauka ciwon mata ne, saboda mafi yawan masu zuwa neman magani mata ne. Amma a 2006 Lorrin Koran na jami'ar Stanford da abokan aikinsa sunka tambayi sama da mutum 2500 a Amurka ta waya, sunka samu kashi 6 cikin 100 na mata, da kashi 5 da rabi na maza. Kusan kunnen doki. Amurka ba Adar ba ce, na yarda, amma darasin ya shafe mu: maza ma suna da shi, faɗi ne ba su yi.

Kuskurenmu na biyu shi ne cakuɗa jaraba da tilas. Uwar da ke tara kwalla da tasoshi don ɗakin ɗiyarta ba lallai ciwo gare ta ba. Ta san ranar jere dangin ango za su zo su ƙirga da ido. Wadda ta ci bashi ta yi anko, ko ta mai da bikin da anka yi mata, tsoron gori ke korar ta. Wannan nauyi ne da mu duka munka ɗora mata, sannan munka koma gefe muna yi mata dariya. Kuma in tarihi za a bi, matan da sunka ɗauki duwatsu a ka a aikin farfaɗo da ƙasar Keita, wanda ya fara a 1984 da kuɗin Italiya, lokacin da maza da yawa ke cin rani, ba su za a koya wa zafin nema ba. Ƙungiyoyin asusu na Mata Masu Dubara, da sunka fara a jihar Maraɗi a 1991, su ma a hannun mata sunka tsaya da ƙafarsu.

Yanzu mu dubi namu ɓangaren. Kuɗin namijin Adar a dunƙule yake zuwa: ko an kwashe albasa, ko an dawo daga Abijan ko Libiya ko Najeriya. Kowa ya san lokacin girbi albasa ba ta da daraja, wanda ya iya haƙuri ya zuba ta a rudu shi ke cin riba bayan ƴan watanni. Amma nawa ne ke sai da ta nan take don zuciya ta ƙwallafa kan sabuwar waya, ga mai aiki a aljihu? Shadda kala biyar, takalman da ba a taɓa sawa ba, lasifika, agogo. Kafin damina ta kankama jikka goma ta gagara, a koma neman bashin hatsi. Wasu burga ce kawai, ta wuce da ƙuruciya. Wasu kuwa wallahi ba su iya dainawa, kuma tunda yanzu kasuwa ta shigo cikin WhatsApp, ko tsakar dare mutum na iya ganin kaya ya ce a ajiye mai.

Ga illar bakinmu. Mace mai wannan lalura zagi take samu, wani lokaci har saki. Namiji mai ita kirari yake samu, har sai rumbu ya ƙare. Dukansu babu wanda anka ce wa: zo mu zauna, me ke damunka? Alhali masana sun lura jarabar saye kan zo tare da ƙuncin rai da fargaba, sayen kamar shafa mai ne a kan miki.

Shawarata ga mu masu rubutu a ɗan littafin nan: mu kira shi jarabar saye, yadda muke cewa jarabar taba ko ta caca, ba tare da mun liƙa wa wani jinsi ba. In za mu rubuta wasa ko gajeren labari, mu gwada sa ɗan cin rani a wannan matsayi, da mutuncinsa, ba don a yi mai dariya ba. Kuma in abokinka ya zo fada da waya ta uku cikin shekara, kafin ka ce Allah sanya alheri, ja shi gefe ka tambaye shi da me ya biya.