Diyuk, budurwa da dokar gado: me ke riƙe labaran soyayyar masu sarautar Ingila?

Shekara tara kacal aka yi, daga 1811 zuwa 1820, lokacin da taɓin hankali ya kwantar da Sarki George na Uku, ɗansa ya riƙe masa mulkin Ingila. Amma wannan ɗan taƙin zamani ya haifi dubban littattafan soyayya, har yau kuma ana ta rubuta su. Gwarzon labarin galibi diyuk ne, wato mai sarautar gado da babu ta sama da ita sai gidan sarki. A lokacin, masu wannan muƙami a duk faɗin Birtaniya kimanin talatin ne, da yawansu dattawa masu iyali. A littafi kuwa sun fi ƙarfin ƙirga, kuma kowane saurayi ne kyakkyawa mai taurin kai.

Jane Austen ta rayu a zamanin, ta fitar da Pride and Prejudice a 1813, sai dai rayuwar da take gani ta rubuta. Wadda ta mayar da abin salo mai ƙa'idoji ita ce Georgette Heyer, da Regency Buck a 1935. Heyer ta cika littattafan rubutu da sunayen tufafi, kekunan doki da karin maganar samarin Landan, har marubutan baya suka riƙa kwasa daga wurinta kamar daga kundin tarihi. Barbara Cartland ta biyo da littattafai sama da 700, kamfanin Mills & Boon kuma ya kai irinsu lungu-lungu na duniya, har ɗakunan kwanan 'yan matan sakandare a Najeriya.

Masu suka na cewa hanya ɗaya ake bi kullum: auren dole da ke rikiɗewa ya zama ƙauna, mazinacin attajiri da ya tuba, budurwar da aka gani ita da namiji a lambu sai a ɗaura aure don rufin asiri. Gaskiya ne, maimaicin ya yi yawa. Amma duk wanda ya duba dokokin zamanin zai ga inda waɗannan dabaru suka samo tushe. Mace idan ta yi aure, dukiyarta ta koma hannun miji, haka abin ya kasance har dokokin 1870 da 1882 suka sauya shi. Saki kuwa, kafin 1857 sai majalisar dokoki ta zartar da doka ta musamman, abin da ya fi ƙarfin kusan kowa. Gidaje da gonaki da yawa an ɗaure gadonsu ga ɗa namiji. Shi ya sa uwar 'yan mata biyar a littafin Austen ba ta da kwanciyar hankali, don ranar da mijinta ya faɗi, gidan na wani ɗan uwansa ne. Ko gudun da masoya ke yi cikin dare zuwa ƙauyen Gretna Green na Sikotilan ba ƙage ba ne: dokar aure ta 1753 ta wajabta yardar iyaye ga wanda bai kai shekara 21 ba, amma ba ta hau kan Sikotilan ba.

Ke nan budurwar labarin tana da zaɓi ɗaya a rayuwa, kuma ci da sha da mutuncinta duk a kansa suka rataya. Daɗin da mai karatu ke nema shi ne ganin mutumin da doka ta ba komai ya sauke girman kai ya nemi yardarta. Wannan buri ne na gaske, bai cancanci raini ba.

Inda salon ya gaza shi ne a kan asalin kuɗin. Ana rawa a zauren Almack's, amma da wuya a ambaci gonakin rake na Karibiyan da bayi ke nomawa har bayan 1833, shekarar da aka zartar da dokar haramta bauta, ko kisan masu zanga-zanga a Manchesta a 1819. Shirin Bridgerton na Netflix, wanda aka ɗauko daga littattafan Julia Quinn aka fara nunawa a Disambar 2020, ya sa baƙar fata a matsayin diyuk, ya jawo miliyoyin masu kallo, amma ya zagaye tambayar bai shige ta ba. Marubuciya Courtney Milan ta fi shi ƙarfin hali. A littafinta The Duchess War na 2012 ta matsa gaba zuwa 1863, inda diyuk ɗin nata ke rubuta takardu a ɓoye yana zuga ma'aikatan masana'antar Lesta su haɗa kai su nemi haƙƙinsu.