AKUSHI A TALABIJIN, TAƁARYA A HANNUN WA?

Abin da ya sa na ɗauki biro a yau shi ne waɗannan shirye-shirye na girkin gargajiya da suka cika akwatunan talabijin ɗinmu. Tun da tashar Arewa24 ta fara aiki a 2014, shirin girki irin su Akushi Da Rufi ya shiga gidajenmu, yanzu kuwa kusan duk tashar da kika murɗa sai kin tarar da wata tana tuƙa tuwo. Ban ƙi su ba, na ma koyi abubuwa a ciki. Kukana yana kan waɗanda suke cewa wai suna nuna mana yadda kakanninmu suke ci.

Wata rana da azumi kakata ta zo mana Boɗinga daga Shagari, bayan an sha ruwa muka zauna kallo a wata tasha da ba sai na faɗi sunanta ba. An shimfiɗa tabarma sabuwa fil, an jera ƙwarya da ludayi da akushi, ga wata yarinya ta sha lalle da gwala-gwalai tana dama fura, tana faɗin wai mutanen da sun more. Cikin minti goma an gama fura, an gama tuwon dawa da miyar kuka. Sai maigidan ya dube ni ya ce, "Kin gani ko? Matan da ke nan, ku kuwa sai taliya."

Kafin in buɗe baki sai kakata ta yi dariya ta ce, "Malam, wagga ɗiya ba ta taɓa kirɓa hura ba, dubi tahin hannunta. Tambaye ta wa yay yi mata surhe."

Wallahi maganar nan ita ce dukkan abin da nake son faɗi. Ana nuna mana akushi, ana ɓoye mana taɓarya. Kafin damu ɗaya na fura ya shiga ƙwarya sai an sussuke gero an sheƙe, an surfa an wanke, an daka da citta da kanumfari, an cura an dafa, a mayar turmi a kirɓa, sannan a sake curawa. Ruwan da za a yi wannan aiki mace ce ta jawo shi a rijiya, tuwon dare kuma ita ta durƙusa ta niƙa garinsa a dutse tun kafin injin niƙa ya zo gari. Ita kanta daddawa sai an wuni ana dafa kalwa, a wanke, a rufe ta kwanaki kafin ta yi. Mai shirin ta tsallake duk wannan, kuma da idona na ga ta jefa dunƙulen magi a miyar da ta kira ta kakanni.

Laifi na biyu ya fi wannan ciwo, wato ba a faɗin yunwa. Kakata tana da goyo aka yi farin 1973, ta ce a shekarar nan tafasa da yaɗiya da ake yi wa ado a faranti yanzu, su ne abincin safe da na dare, ana gauraya su da dusa don yara su yi barci. Ita ma kakarta ta ba ta labarin Kakalaba, yunwar 1914, lokacin da mutane suke tone gidan tururuwa suna neman ƙwayar hatsi. Aka sake shan wuya a 1984. Wanda ya ce zamanin da duk daɗi ne, to bai zauna da tsofaffi ba.

Ba wai ba a iya yin shirin da gaskiya ba ne. A 2015 gidan BBC ya ɗauki wani iyali a Ingila ya mayar da ɗakin girkinsu irin na 1950, ba firji, abinci kuma a ƙayyade kamar yadda gwamnati take rabawa bayan yaƙi. Masu kallo suka ga yadda uwargida take shan wahala, suka ga abin da aka samu da abin da aka rasa da zamani ya sauya. Mu me zai hana mai kyamara ya zo Sifawa, inda Shehu Usmanu ya zauna, ko Shagari, ya zaunar da tsohuwa ta yi mana hoce da gumba da kunun kanwa tun daga sussuka, ta faɗi da bakinta wanne ne na daɗi, wanne ne na dole?

Kada ki ce na raina abincinmu, 'yar uwa. Gero da dawa su suka raine mu, su ne suke jure ƙarancin ruwa a ƙasarmu, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware shekarar 2023 don gero da danginsa. Ki koyi fura da daddawa wajen tsohuwar gidanku tun tana raye, ki rubuta a littafi. Amma kada ki yarda a ɗauki minti goma na talabijin a auna ki da shi, ko a ce kin gaza don kin kai niƙa inji.

Washegari maigidan ya ce furar gida yake so ta shan ruwa. Kakata ta miƙa masa taɓarya ta ce ya fara. Har yau bai sake zancen matan da ba.

Allah Ya ba mu zaman lafiya a gidajenmu, Ya tsare mu da yunwa, amin.