Hukuncin Masu Karatu a Kan Littafi na Uku: Tarken Dogon Labarin Jarumtaka

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa zama a shagon hayar littattafai a Kano ya san irin hukuncin da masu karatu kan yanke wa dogon labari da zarar ya kai littafi na uku ko na huɗu. Wani ya ce an ja labarin, wani ya ce marubucin ya gaji, wani kuma ya ce neman kuɗi ne kawai. Manazarta sukan ɗauki waɗannan maganganu a matsayin hirar teburin mai shayi. Wannan takarda tana ganin akwai tarke a cikinsu, sai dai tarke ne da ba a tace ba. Aikin ɗalibi shi ne ya tace shi, wato ya rarrabe ƙorafin da ya samo tushe daga cikin matani da wanda ya samo tushe daga jira da kashe kuɗi.

2.0 Asalin Rarraba Labari

Labarin jarumtaka mai ɗauke da yaƙi da aljanu da bokaye ya daɗe a rubutaccen zuben Hausa. Akwai Ganɗoki na Bello Kagara, wanda ya fito a 1934, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa. Waɗannan kowanne littafi guda ne, mai karatu ya ɗauka ya ƙare. Al'adar yanka labari kashi-kashi ta yi ƙarfi ne daga shekarun 1980, lokacin da marubuta suka koma buga littattafansu da kuɗin aljihunsu, a harkar da Ibrahim Malumfashi ya laƙaba wa suna Adabin Kasuwar Kano. Marubuci yakan buga na ɗaya, ya jira cinikinsa ya dawo, sannan ya kai na biyu maɗaba'a. A wannan kasuwa ne littattafan yaƙi suka bunƙasa, irin na Abdulaziz Sani Madakin Gini da Malikussaifi na Aliyu Abubakar Sharfaɗi.

Ke nan tun farko dalilin rarrabawar na kasuwa ne. Amma da zarar an yanka labari a tsakiyar faɗa, an ce wa mai karatu ya tari gaba, to an ci bashinsa. Littafi na ɗaya shi ke cin bashi, na baya kuwa su ake bi. A kan wannan bashi ne yawancin ƙorafin yake.

3.0 Ƙorafi na Farko: An Janye Barazana

Misalin da ya fi kusa da ɗalibi shi ne Magana Jari Ce na Abubakar Imam, wanda aka buga a Zariya cikin littattafai uku a ƙarshen shekarun 1930. Ba littafin yaƙi ba ne, amma tsarinsa yana nuna matsalar ƙarara. A na ɗaya, Sarki Abdurrahman ya tafi yaƙi, Waziri yana ƙulla makircin fitar da Musa daga gida, Aku kuma ba shi da makami sai baki. Kowane labari da ya bayar katanga ce tsakanin yaron da halaka. A na biyu, abin ya koma gasa tsakanin Aku, wanda ya riga ya zama Waziri, da Haziƙ. Abin da ake gudu a nan kunya ce. A na uku, Aku yana koya wa ɗansa Fasih dabarun ba da labari.

A aji, ɗalibai da yawa sukan ce na ɗaya ya fi daɗi. Idan aka tambaye su dalili, sai su ce labaransa sun fi kyau. Wannan dalili bai tsaya da ƙafarsa ba, domin akwai labarai a na uku da ba su gaza na farko ba ta fuskar salo da raha. Abin da suka ji a jikinsu ba su iya ambata ba shi ne, babban labarin da ya ɗauko ƙananan ya daina tsorata su. Hukuncinsu yana kan hanya, dalilin da suka kawo ne ya kauce. Haka kuma, wanda ya tsaya a kan hukuncin kawai zai yi asarar abu guda: a na uku ne Imam ya shimfiɗa ra'ayinsa game da yadda ake gina labari, ta bakin tsuntsu.

4.0 Ƙorafi na Biyu: An Ɓoye Tauraro

Malikussaifi ya samo asali ne daga sirar Larabci ta Saifu bin Zi Yazan, sarkin Yaman na ƙarni na 6, wadda aka tsara a Masar ɗaruruwan shekaru bayan zamaninsa. A farkon sirar, hankali duka yana kan Saifu: jaririn da uwarsa Ƙamariyya ta yar a daji, da neman auren Shama, da tafiyar neman littafin kogin Nilu, da taimakon aljana Aƙisa. Can gaba kuwa 'ya'yansa sun girma, labari ya yi rassa, kowa da tasa tafiyar. Mai karatun da ya shaƙu da mutum guda yakan ji kamar an yi masa musanya.

Wannan matsala ba ta Hausa ko Larabci kaɗai ba ce. A Amurka, George R. R. Martin ya fitar da A Feast for Crows a 2005, shekara biyar bayan littafi na uku. Da rubutun ya yi masa yawa, sai ya raba shi bisa yankunan da taurari suke, har ya kasance babu babi ko ɗaya na Tyrion ko Daenerys, waɗanda masu karatu suka fi jira. Ya nuna cewa suna tafe nan kusa, amma na biyar bai fito ba sai 2011. Haka kuma, Crossroads of Twilight na Robert Jordan, wanda ya fito a 2003 a matsayin na goma a jerinsa, ya sha suka domin kaso mai yawa na littafin ya koma baya ne yana nuna abin da sauran taurari suke yi a lokacin da babban al'amarin ƙarshen na tara ya faru.

Ma'aunin da matarki zai yi amfani da shi a nan mai sauƙi ne. Idan aka cire reshen labarin, shin ƙarshen zai canja? Idan zai canja, marubuci yana da hujja, mai karatu ne ya ƙosa. Idan ba zai canja ba, to masu cewa an ja labari sun yi gaskiya. A littattafan yaƙi na Hausa, alamar ja ita ce maimaici: a kashe boka, sai wani bokan da ya fi shi ya ɓullo, a ci birni, sai a ce akwai wani bayan teku. Yawan dakaru yana ƙaruwa, amma mai karatu ya riga ya san jarumin ba zai mutu ba.

5.0 Ƙorafi na Uku: Jira

A ɗauki misalin Bahaushen da ke zaune a unguwar New Bell, yana kasuwanci a Kasuwar Dakar ta birnin Duwala a Kamaru. Idan littafin da aka buga a Kano zai iske shi, sai dai a cikin kayan wani matafiyi. Yana iya karanta na ɗaya da na biyu a mako guda, na uku kuma ya zo bayan watanni. Kafin nan ya riga ya ƙarasa labarin a zuciyarsa yadda yake so. Idan littafin ya zo, da wannan ƙarshen nasa zai gwada shi, kuma da wuya marubuci ya ci wannan gasa. Wanda ya sami jerin duka a lokaci guda, ko ya saurare shi a jere a YouTube kamar yadda ake yi a yanzu, yana iya wuce littafin nan ba tare da ya ji komai ba. Matani ɗaya ne, hukunci biyu. Irin wannan ƙorafi yana da amfani ga mai nazarin kasuwar littafi, amma ba hujja ba ne a kan zubi da tsari.

6.0 Kammalawa

An ga cewa maganar "na farko ya fi" tana iya nufin abu uku: barazana ta ragu, tauraro ya ɓace, ko jira ya yi tsawo. Biyun farko ana iya tabbatar da su ko a rushe su daga cikin matani. Na ukun sai an tambayi mai karatu yaushe ya karanta, kuma ta yaya littafin ya zo hannunsa. Ɗalibin da ya kwafi ra'ayin masu karatu ya zuba a kundinsa bai yi tarke ba. Wanda ya yi watsi da shi kuma ya yar da shaidar mutanen da suka biya kuɗinsu suka karanta jerin daga farko har ƙarshe, abin da manazarta ƙalilan ne suke yi wa littattafan yaƙi.

7.0 Aiki

Ɗalibi ya zaɓi littafin yaƙi mai kashi uku ko fiye. Ya jera alkawuran da littafi na ɗaya ya ɗauka, ya nuna shafin da aka cika kowanne. Sannan ya tambayi mutum biyar da suka karanta shi wane kashi ne ya fi rauni, ya sanya kowace amsa a ɗaya daga cikin rukunan nan uku, tare da hujja.