Makircin Waziri a Labaran Almara na Hausa

A labaran almara na Hausa, inda tsuntsu ke magana kuma aljani ke ɗaukar mutum ya kai shi bangon duniya, mugun da ya fi haɗari ba dodon daji ba ne. Mutum ne mai rawani, wanda ke zaune dama da Sarki, yana faɗuwa yana gaisuwa, zuciyarsa kuwa tana kan gadon sarauta. Fitaccen misalinsa shi ne Wazirin Sarki Abdurrahman a Magana Jari Ce, littafi mai juzu'i uku da Abubakar Imam ya rubuta, aka buga a Zariya daga 1937 zuwa 1939. Har yau ana karanta shi a Maraɗi da Tibiri da Jiratawa kamar yadda ake yi a Katsina, garin da Imam ya yi karatu.

Tushen ƙullin shi ne gado. Sarki ya daɗe ba shi da ɗa namiji, Waziri ya sa rai, sai aka haifi Musa. Daga nan duk abin da Waziri ya yi fuska biyu gare shi. A fada shi ne mai ba da shawara, a ɓoye kuma yana haɗa baki da abokin gaban Sarki, wato Sarkin Sinari. Da Sarki ya fita yaƙi, aka bar Musa a gida, sai Waziri ya shiga neman dabarar da za ta fito da yaron daga fada ya faɗa hannun masu jiransa. Bai zare takobi ba. Makamansa saƙon ƙarya ne, da ƴan aike, da sanin inda zuciyar Musa take da rauni, wato ƙaunarsa ga Mahmudu, wanda suka tashi tare, ya kuwa tafi fagen fama.

Imam bai ɓoye wa mai karatu nufin Waziri ba. Tun farko an san abin da yake so, Sarki da Musa ne ba su sani ba. A wasu dogayen labaran almara na Turai, marubuci yakan rufe asirin makirin har juzu'i na ƙarshe, masu karatu su yi ta gardama a kan ko wane ne shi. Salon Imam ya fi kusa da tatsuniya, inda yara suka san halin Gizo tun kafin ya buɗe baki. Daɗin ba a gano mai laifi yake ba, yana cikin fargabar ko Musa zai ƙetare ƙofa a wannan daren.

Wurin da littafin ya fi zurfi kuwa shi ne Aku, tsuntsu mai magana da ke tare da Musa a fada. Shi ma makiri ne, in an duba da kyau. Ya ga abin da ya sami matarsa da ta fito fili ta hana Musa fita, ta rasa ranta. Saboda haka bai taɓa ce wa yaron kada ya tafi ba. Yakan nuna goyon baya, ya yi masa fatan alheri, sannan ya jefa wata magana da za ta sa Musa ya tambayi labarinta. Kafin labarin ya ƙare gari ya waye, tafiya ta fasu sai gobe. Shi ma yana da manufar da ya ɓoye, yana kuma juya yaron ta hanyar rauninsa, wato son jin labari. Imam ya aro wannan tsari daga tsohon labarin aku na ƙasar Indiya, inda tsuntsun ke hana matar ubangidansa fita da dare, amma Imam ne ya sanya makiri biyu suna jan yaro ɗaya. Dabararsu iri ɗaya ce, niyya ce ta raba su, kuma a ƙarshen juzu'i na farko rawanin Waziri a kan Aku ya sauka.

Mai karatu a Maraɗi yana da ma'aunin da zai gwada labarin da shi. A sarautar Katsinawan da suka kafa garin bayan jihadi, manyan fada su ne Ƙaura da Galadima da Ƴandaka da Durɓi, kuma su ke zaɓen Sarki daga cikin ƴaƴan sarauta. Bafade, komai ƙarfinsa, ba ya hawa gadon da kansa. Abin da yake iyawa shi ne ya naɗa wanda zai juya, ya tuɓe wanda ya ƙi, kamar yadda Ƙaura Hasau ya yi ƙarfi a ƙarshen ƙarni na 19 har ya rinjayi sarakunan zamaninsa. Ta wannan fuska, burin Wazirin Abdurrahman na gaje ubangidansa ya fi kama da fadojin Dare Dubu da Ɗaya fiye da fadar Hausa.

Littattafan yaƙi na baya-bayan nan, irin na Abdul'aziz Sani Madakin Gini da ake bugawa a Kano kashi-kashi, sun gaji wannan hali, sai dai makirin yakan zo a siffar boka ko matsafi ko matar Sarki mai neman gado wa ɗanta. Da yake kowane kashi dole ya ja mai saye zuwa na gaba, ana jinkirta tonon asiri, a ƙara masa tsafi da rundunar aljanu. Sau da yawa hakan na rage masa armashi, domin wanda ke iya ɓacewa ko ya rikiɗa ba ya bukatar iya magana. Wazirin Imam da Akunsa ba su da sihiri ko kaɗan wajen juya Musa, da baki kawai suka yi aiki, shi ya sa karawarsu ta fi ta matsafan da suka biyo baya kama hankali.