Kiɗan Goge Huɗu da Buɗe Ƙofarsa ga Makaɗan Afirka

Kiɗan goge huɗu, wanda Turawa ke kira kwatet, ya ƙunshi bayolin biyu, da biyola mai matsakaiciyar murya, da celo mai kauri, dukkansu 'yan uwan goge ne da ake ja da baka. Ana lissafa shi cikin kiɗan ɗaki, wato kiɗan da aka tsara domin ƙaramin zaure, inda babu madugu a gaba, sai dai kowane makaɗi ya saurari 'yan uwansa, ya san lokacin jan gaba da lokacin ba da hanya. Joseph Haydn ne ya kafa ginshiƙinsa a Ostiriya a ƙarni na 18, Beethoven kuma ya zurfafa shi da kwatet 16, har ya zama ma'aunin gwanintar mai tsara kiɗa a Turai.

Sauyin da ya fi jan hankali a shekarun baya-bayan nan shi ne yadda wasu ƙungiyoyi suka daina taƙaita kansu ga gadon Turai. Ƙungiyar Kronos, wadda David Harrington ya kafa a Amurka a 1973, ta fitar da faifan Pieces of Africa a 1992, ɗauke da ayyukan Hamza El Din na yankin Nubiya, da Obo Addy na Gana, da Foday Musa Suso na Gambiya, sannan a 2017 ta haɗu da Trio Da Kali na Mali a faifan Ladilikan, inda goguna huɗu suka yi ta amsa wa muryar Hawa Kassé Mady Diabaté da balafon, wato abin kiɗa na katako, na Lassana Diabaté.

Masu suka na ganin wannan a matsayin narkar da tsohuwar al'ada, amma hujjarsu ba ta da ƙarfi, domin abin da ya ɗaukaka kwatet tun farko shi ne daidaito tsakanin muryoyi huɗu da kowacce ke da ta cewa, kuma wannan tsari na kira da amshi ya daɗe da zama a kiɗan Afirka ta Yamma. Haɗarin gaskiya yana wani wuri dabam, wato a mayar da kiɗan Afirka ado kawai, a tsinko amo a watsar da mai shi. Kronos ta kauce wa wannan saboda ta nemi makaɗan su tsara ayyukan da kansu, aka kuma buga su da sunayensu.

Saboda haka ya kamata makarantun kiɗa da masu shirya bukukuwa su riƙi wannan tafarki bisa sharaɗi ɗaya: duk makaɗin da aka gayyato a ba shi matsayin mai tsarawa, da sunansa da haƙƙinsa cikakku.